Hanyar Komawa

Ƙarƙashin gadar Kwangila ta yi mini tutsu,
ranar Talata, hantsi bai ko dubi ludayi ba.
Na murɗa makulli, inji ya yi ta tari
kamar tsoho mai son magana, maganar ta ƙi fita.
Mai kuwa jiya na sha,
allura na kan rabi, ba ta saba yi mini ƙarya ba.

Shafa'atu na baya, rungume da jakar makaranta,
tana ƙirga 'yan acaɓan da suka zage mu.
Ta kai bakwai.

Mai rake ya ce batir ne.
Mai faci ya rantse filogi.
Wani mai zuwa Samaru ya ce a tura,
muka tura har rigata ta manne da baya,
mota ta ce ba ta san zancen ba.

Aka kirawo Baba Ɗantani rewaya.
Kunnensa ɗaya janareto ya cinye tuntuni,
ɗayan ma sai ka ɗaga murya.
Bai ko dubi bonet ba.
Ya ɗage kujerar baya, ya ce,
"Yarinya, ara mini kunnenki.
Kafin inji ya yi magana
akwai mai yin gyaran murya a cikin tanki,
zuuu, kamar ƙudan zuma a tulu.
Malam, murɗa rabi. Kada ka tayar."

Na murɗa.
Ta kwantar da kai a kan ƙarfe, ta runtse ido.
"Shiru, Baba."

Ni har na fara lissafin sabon famfo a Sabon Gari,
na cire daga albashin da bai zo ba,
na cire nama, na cire takalminta.

Shi ko ya zaro fis, ya ɗaga wa rana,
zaren ciki bai tsinke ba.
Ya ciro rile, ya ba ham aro,
ham ya tsala ihu har mai rake ya zabura.
"Wannan ma ba shi da laifi."

Sai ya fito da ɗan ƙwan fitila
mai wutsiya biyu, naɗe da baƙin salatif.
Ɗaya a bakin soket, ɗaya a jikin mota:
ya kama, ja kamar gauta.
Ya mai da wutsiyar kan baƙar waya:
ko ƙyas.

"Ka gani? Wuta ta zo har ƙofa, ta yi sallama.
Famfonka lafiya lau.
Ita wuta ba ta aiki a inda ta je
sai ta san tana da hanyar komawa gida."

Ya bi baƙar wayar da yatsa, taƙi bayan taƙi,
har wani noti da ruwan damina ya daɗe yana ziyarta.
Tsatsa ta yi masa rawani.
Ya kwance, ya goga samfefa,
ya hure, ya ɗaure, ya tofa bisimilla.

"Murɗa."

Ban ji komai ba, tirela na wucewa ta sama.
Fuskar Shafa'atu ce ta gaya mini.
"Zuma, Baba! Ga zuman!"

Ɗari biyar ya karɓa,
ya mayar mata da ɗari, wai ladan kunne.

Mun makara, an rufe ƙofar makaranta.
Na tsaya a gefen titi, inji na numfashi,
na lalubo lambar yayana Barau.
Wata goma sha huɗu ke nan
tun rabon gonar Dakace.
Kullum lambar na nan, cajina a cike,
katina bai ƙare ba.

Na goge gilashin wayar da hannun riga,
na daɗe ina gogewa.
Na danna, na kasa kai ta kunne.

Shafa'atu ta miƙo wuya daga baya,
ta saurara.
"Tana shiga, Baba."